Maƙwabtan da Ke Ciyar da Shi

Zongo, Lome
14 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga 'yata Khairunnisa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Ya karatu, ya sanyin Lyon? An ce ya fara sassautawa. Mu nan ruwa ya sauka, layinmu ya koma tafki, 'yan zem sai sun ga dama suke shigo da baburansu. Babanki ya kira daga Sokode, duk lafiyarsu ƙalau. Keken ɗinkina ma yana gaishe ki.

Za ki ce me ya mayar da Goggo takarda da biro alhali ga waya. Kin san gidanmu na haya. In na yi tari a waya, kafin in ajiye matan tsakar gida sun san maganin da na sha. Wannan magana kuwa ba ta tsakar gida ba ce. Maƙwabciyata Assana za ta ɗauki hoton takardar da babbar wayarta ta turo miki, in kin amsa ta je ta buga mini a kan takarda. Tunda ni na koya miki rubutun Hausa, yau ki biya ni.

Tun kafin azumi na ji wani ƙullutu a mamana na hagu. Ba ya ciwo, shi ya sa na yi shiru. Assana ce ta kama ni. Kin san tun da mijinta ya tayar da katangar nan bara tsakanin gidajenmu, sai ta fita titi ta zagayo kafin ta kawo mini kokon safe, amma ba ta taɓa fashi ba. Ranar ta shigo ta tarar ina laluben wurin. Ba ta ko ajiye kwanon da kyau ba ta ce in sa mayafi. Muka je babban asibitin Tokoin. Wani likita mai suna Dokta Tchakoura ya sa aka tsakuri kaɗan da allura mai kauri aka kai gwaji. Shekaranjiya sakamako ya fito. Sankarar mama ce, Khairu. Ya ce an kama ta da wuri, in koma ran 28 ga wata a tsayar da ranar aiki.

Na so in ɓoye, amma Zongo ce. Hajiyar goro ta zo dubiya da jiƙonta a jarka, ta ce daji ba ya son ƙarfe, kada in yarda a taɓa ni da wuƙa, kuma irin wannan ciwon da hannun mutum a ciki. Tana fita Assana ta tuttule jiƙon a kwata.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Shekara uku kina ce mana a kan wannan ciwon kike bincike, muna cewa Allah ya taimaka ba tare da mun san me kike yi ba. To yau ga shi ya zo har gida, ki amsa mini abu biyu. Naman mutum ne fa, me ya mayar da shi tsakuwa haka? Kuma wa ke ba shi abinci? Ni wata guda ina azumi har zanena yana kwancewa, shi kuwa ƙiba ya yi.

Goggonki,
Zeinab

*

Lyon
16 ga Afrilu, 2025

Goggona,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sanyi ya yi sauƙi. Na karanta takardarki a tsaye a ɗakin gwaji, sai da na fita waje na yi kukana na dawo. Amma ki ji ni da kyau: kalmar nan da likita ya faɗa, "da wuri", ita ce babbar kalma a takardarki. Mata da yawa da aka kama tasu a wannan matakin suna nan suna aurar da jikoki.

Tambayoyinki biyu amsarsu ɗaya ce, kuma ita ce aikina. Goggo, wannan abin ba ya girma shi kaɗai. Maƙwabta ne ke taimakonsa. Da can na kirki ne, in aka ji rauni su ne na farko da ke zuwa gyara. Amma sai ya ja ra'ayinsu su koma yi masa aiki. Su ke ciyar da shi safe da yamma, su ke tayar masa da katanga, shi ya sa kike jin tauri. Har magani sukan tare don kada ya kai gare shi. Mu nan muna kiransu fibroblastes. Kullum a jikin mutum suke, shi ya sa ba a zarginsu. Shekara uku ina bin sawunsu, na san halinsu sarai.

Zan yi miki bayani a tsanake wani lokaci, yanzu ana jira na. Abu ɗaya nake roƙo: ran 28 ki je. Kada ki saurari kowa.

Ki gaishe mini da Tanti Assana.

'Yarki,
Khairunnisa

*

Zongo, Lome
24 ga Afrilu, 2025

Khairunnisa,

Bayan sallama da gaisuwa, jikina da sauƙi, alhamdu lillahi. Wannan takardar ta fosta na aiko ta. Ni da kaina na je na manna mata kan sarki, kin kuwa san dalili.

Allah ya yi miki albarka, na gane saƙonki. Sau huɗu na karanta. Karon farko ban fahimta ba, na biyu gabana ya faɗi, na uku na zauna a ƙasa. Kin san ta hannunta takardar za ta bi, shi ya sa kika lulluɓe maganar, har kika laƙa musu sunan Faransanci don kawar da ido. Tarbiyyata ba ta faɗi ƙasa ba. Amma Goggonki ba yarinya ba ce. Wa ke ciyar da ni safe da yamma? Wa ya tayar da katanga bara, watanni kaɗan kafin abin ya fito? Wa ya zubar da maganin Hajiyar goro a kwata? Wa ke jikina kullum har ba a zarginta? Sai kuma na tuna likitan nan ɗan garinsu ne, Sokode, da yarensu na Kotokoli suka yi ta magana a kaina ina zaune kamar buhun gero. Kika rufe da cewa kada in saurari kowa. Na ji.

Shekara goma sha tara muna tare da matar nan. Ita ta yi wa mijina ruwan wanka ranar da ya rasu. Wallahi wannan ya fi ƙullutun yi mini ciwo. Washegari da ta kawo koko na ce na ƙoshi. Da yamma ta kawo shinkafa da wake da wagashi, cukun nan da take sayarwa, na mayar mata da kwanon a rufe yadda ya zo. Ta tsaya tana kallona, na sa sakata.

Ran 28 ba za ni ba. Ba zan kwanta a gaban wuƙar mutanenta ba. Hajiyar goro ta sake kawo jiƙo, yana da ɗaci kamar me, ina sha. Ta ce akwai wani mutum a kasuwar bokaye ta Akodesewa da ke mayar wa mai abu abinsa. Can kam na ce a'a, ni mai salla ce, ban kai nan ba.

Kada ki ƙara aiko komai ta wayarta. In kin kira ni kuma, gaisuwa kawai.

Goggonki,
Zeinab

*

Lyon
9 ga Mayu, 2025

Goggo,

Ina gaishe ki, ina fatan jiki da sauƙi. Ni dai jikina lafiya, hankalina ne ba ya kwance.

Sau bakwai na kira ki. Kullum "lafiya lau", da na ce ya maganar ran 28 sai ki ce ba kya ji, ki kashe. Kin ce kin aiko takarda ta fosta. Fosta, Goggo? Kullum sai na buɗe akwatina, babu komai sai tallan kanti. Na tambayi Tanti Assana, ta ce kina fitowa shanya, tana jin kekenki, sauran in tambaye ki da kaina. Muryarta ba ta yi mini daɗi ba.

Me likita ya ce? Yaushe ne aikin? Layi biyu ma sun ishe ni.

Khairunnisa

*

Lyon
20 ga Mayu, 2025

Goggona,

Assalamu alaikum. Jiya takardarki ta iso, kwana ashirin da biyar a hanya. Na karanta ta a kan matakala. Na kira ki, kina jin na ce "maƙwabta" kika ce ba a waya ba, kika kashe. Hanya mai sauri guda ɗaya ta rage mini, ita ce wayar matar da kike zargi. Na roƙe ta ta kai miki ko da za ki rufe ƙofa a fuskarta.

Goggo, na rantse da Allah ban lulluɓe komai ba. Laifina ne. Na rubuta a gurguje, na ɗauki kalmar da muke wasa da ita a wurin aiki na jefa miki ba bayani. Maƙwabtan nan ba mutane ba ne. Ba su da gida, ba su da miji, ba su san hanyar Sokode ba. Wasu 'yan ƙwayoyin halitta ne a cikin naman jikinki, ido ba ya ganinsu sai da madubin gwaji. Ina da su, kina da su, Hajiyar goro ma tana da su.

Bari in faɗa da yaren sana'arki. Kin tuna ranar da almakashi ya yanke ki a tafin hannu, kika ɗaure da ƙyalle kika ci gaba da aiki? Wa ya haɗe wurin? Su ne. Su ne telolin jiki. In fata ta yage sai su taru su yi ta saƙa zare har bakin raunin ya haɗu, sannan su ajiye aiki. Tabon da ke hannunki ɗinkinsu ne.

Ita sankara wayo gare ta. Sai ta yi ta aika musu saƙo cewa ga rauni nan bai warke ba. Su kuwa ba su san ƙarya ba ce. Sai su yi ta saƙa, zare kan zare, ba tsayawa, har wurin ya yi tauri kamar bakin wando da aka bi sau ashirin. Taurin da kika tambaye ni ke nan. Suna fitar da abubuwan da ke sa ta girma, suna kiran jijiyoyin jini su kawo mata abinci, shi ya sa azuminki bai dame ta ba. Saƙar tasu kan yi kauri har ta rage wa magani da sojojin jiki hanyar shiga. Aikina shi ne in gano yadda za a sa su gane an yaudare su. Ba mu kai ga maganin ba tukuna, kada in yi miki ƙarya. Kuma mun gano ba duka ne ke bin ta ba. Akwai waɗanda ke riƙe ta, su hana ta yaɗuwa. Shi ya sa ba a yi musu kuɗin goro.

Ga hoto nan na haɗo, ni na ɗauka da madubinmu. Dunƙulen tsakiya shi ne ciwon. Dogayen nan da suka kewaye shi su ne maƙwabtan. Ki duba da kyau ki gaya mini ko kin ga mai kama da Tanti Assana.

Yanzu maganar da ta fi komai. Jiƙo ba ya kwance wannan ɗinkin. Kowane mako da ya wuce suna ƙara zare. Ƙarfe ba ya tayar da daji. Abin da ke faruwa shi ne mata kan jira sai ya ci ƙarfinsu sannan su je, in ba a dace ba a ce wuƙa ce. Makonni uku sun tafi, amma ina sa ran ƙofa ba ta rufe ba. Ki je gobe. Na rasa uwa ina shekara shida, ke kika ɗauke ni. Ba zan iya rasa ki saboda kalma ɗaya da na rubuta a tsaye ba.

'Yarki mai neman gafara,
Khairunnisa

*

Zongo, Lome
24 ga Mayu, 2025

'Yata,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, in ban da kunya da ke neman kashe ni kafin ciwon.

Ran Laraba da hantsi ana yayyafi, ina kan keke, sai na ga inuwa a taga. Assana ce, ta sa takardu a leda ta rungume. Na yi kamar zare ya tsinke mini. Ta ce, "Zeinabu, ba wurinki na zo ba. Saƙon 'yarki ne, har biyu, ɗayan ya kwana goma sha biyu a ɗakina. Karɓi, in ya so ki wanke hannu."

Na karɓa ta taga. Hoton na fara gani. Khairu, shekara talatin ina ɗinki, na san aikin wanda aka ce masa kada ya tsaya. Zare ne, wallahi, an bi an sake bi, an cukurkuɗe. Na duba tafin hannuna, na duba hoton. Sannan na karanta takardar, na kai wurin da kika ce ba su san hanyar Sokode ba. Dariya ta kama ni, ban san lokacin da ta juye kuka ba.

Na ɗaga kai, ashe tana nan tsaye a cikin ruwan. Na buɗe ƙofa. Na ce, "Assana, na zalunce ki."

Ta ce, "Na sani. Hajiyar goro ta gaya wa mai kifi, mai kifi ta gaya wa duk Zongo. Makonni biyu ba wanda ya sayi wagashina a layin nan."

Wannan ban sani ba. Na durƙusa zan kama ƙafarta, ta ja baya. Ta ce, "Tashi, ba ni da lokacin wannan. Sa mayafinki. In da sauran zargi ki ƙarasa shi a kan zem."

Haka muka tafi Tokoin, babur biyu, ruwa na dukanmu. Dokta Tchakoura ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Madam, ran 28 na wane wata na ce?" Aka sake aunawa, aka haska ƙirji da ciki. Jiya muka koma. Ƙullutun ya ƙaru kaɗan, telolinki ba su yi hutu ba. Amma ya ce bai ga alamar ya tsallaka wani wuri ba, kuma har yanzu aiki zai yiwu. Ran 17 ga Yuni, bayan Babbar Salla. Daga baya akwai ƙarin ruwan magani na wasu watanni, wai gashi zai zube. Na ce dama ɗankwali ya rufe, wa ya san abin da ke ciki.

Na tambaye shi me suke cewa da Kotokoli ran farko. Ya ce Assana ce ke roƙonsa ya faɗa mini a hankali, wai ni mai tsoro ce amma ba na so a sani.

Jiya Juma'a da yamma na tsaya a bakin famfo lokacin da mata suka fi yawa, na faɗa da ƙarfi cewa ni na yi ƙarya a kan Assana, ciwona daga jikina yake. Na nuna musu hotonki, ya zaga hannu ya kai goma sha biyar. Hajiyar goro ta juya shi sama da ƙasa ta ce ita dai ba ta yarda da Turawa ba. Amma da aka watse wata mata ta biyo ni har ɗaki, ta ce ita ma tana jin wani abu a mamanta na dama tun bara. Ran Litinin za mu raka ta.

Na yafe miki, ke ma ki yafe mini. Amma nan gaba in za ki yi wa tela bayani, ki fara da zare.

Goggonki,
Zeinab

*

Zongo, Lome
29 ga Yuni, 2025

Khairunnisa 'yar albarka,

Assalamu alaikum. Ya zafi? An ce yanzu ku ma kuna gasuwa. Mun ji daɗin kiranki ran aiki, ko da yake ban san me na ce miki ba, allurar barci ba ta sake ni ba. Babanki ya zo ya kwana huɗu ya koma.

An yi, an cire. Kwana biyar na yi a asibiti. Da aka buɗe bandejin na daɗe ban kalla ba, sannan na kalla. Na yi kuka, ba zan ce ban yi ba, abin da aka haife ni da shi ne. Daga nan sai idon sana'a ya dawo, na ce wa likita ɗinkinsa ba laifi amma ya ɗan karkace ta wajen hammata. Ya ce in na warke in zo in koya masa. Ya ce gefen abin da suka cire ya fita da tsabta, wato ba su bar ciwon a baya ba. Wata mai zuwa za a fara ruwan maganin, ina tsoronsa, amma zan je, ko da ranar ƙanƙara ake yi.

Yanzu wurin yana ƙaiƙayi yana ja. Likita ya ce alamar haɗewa ce. Na ce a raina, to, ga mutanen Khairu nan sun dawo aikin gaskiya. Kullum da safe nakan dafa wurin in ce musu sannunku da aiki, amma in kun gama ku ajiye allura.

Hannun hagu ba ya ɗaguwa sosai tukuna. Assana ke yi mini wanka, ita ke ɗaura mini zane. Zagayen titin nan sau biyar a rana cikin taɓo ya ishe ta, ta sa mijinta a gaba. Shekaranjiya ya kawo magini aka fasa katangar, aka sa 'yar ƙofa daidai bakin madafinta. Mai gidanmu ya zo zai yi faɗa, ya leƙa ya gan ni da bandeji, ya ce a dai sa mata sakata. An sa, ba a taɓa rufewa ba.

Ki dage da bincikenki. Matar da muka raka, tata ba sankara ba ce, amma akwai wasu. Ga Assana nan tsaye a kaina, ta ce sai ta sa hannunta a takardar. Makarantar Faransa ta yi, haka take rubuta Hausa, ki karanta da ƙarfi za ki gane.

Goggonki,
Zeinab

Khairou, ni tché Assana, makoptchiya. Kar ki damou. Yaou ta tchi touwo malmala biyou. Ni na tchiyar da ita.